Matattun wayoyi da kumburarrun batura: yadda aikinmu na tara sharar lantarki ke tafiya

Asabar, 6 Satumba 2025

Yau mukayi zaman farko. Bamu da yawa, akwai mai gyaran waya, akwai wata malamar kimiyya, akwai samari da 'yan mata da suka gama karatu suna zaman jiran aiki, sai ni da aka ɗora wa riƙe littafi da kuɗi. Abinda muke so shine mu wayar wa mutane kai daga yanzu zuwa 14 ga Oktoba, ranar sharar lantarki ta duniya da WEEE Forum, ƙungiyar masu tattara sharar lantarki, ta faro a 2018, sannan a ranar mu buɗe wurin karɓar matattun wayoyi, caja, rediyo, kwamfuta, duk wani abu mai batir ko filogi da ya gama aiki.

Malama tazo da alƙaluman rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024. A 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan sharar, kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka san an tattara an sarrafa yadda ya kamata, kuma in aka tafi a haka zai kai tan miliyan 82 a 2030. Yaran nan har sun ɗau zafi wai gobe gobe a fara bi gida gida. Ni da mai gyara muka taka musu birki. Tara kaya ba wuya, ka cewa mutum kyauta zaka kwashe masa tarkace zai baka har wanda baka tambaya ba, maganar ita ce ina zaka kai. In bamu san inda kayan zasu ƙare ba to mun kwashe bola ne daga gidaje da yawa mun jibge ta a ɗaki ɗaya, ba wani abu. An ɗan yi musu amma dai an tsaya a kan ba za'a karɓi ko kan caja ba sai an samu kamfanin da zai amsa a hannunmu, kuma a rubuce.

Kowa ya bada abinda ya sawwaƙa. Mun samu aron wani sito mai daɓen siminti da taga, sharaɗin mai shi mu fice kafin ƙarshen Nuwamba.

Laraba, 10 Satumba

Sayayya. Safar hannu masu kauri, takunkumi, baƙin salatif na masu wayarin, bokitin ƙarfe biyu masu murfi, yashi, maka, buhuna. Kwalaye kyauta muka samu, sikeli aro. Wajen kashi ɗaya cikin uku na abinda aka haɗa ya tafi a nan.

Asabar, 13 Satumba

Satin nan gaba ɗaya a kan waya ya ƙare min. Duk wanda na kira da farko murna yake, kawo kawo muna karɓa, sai na fara jero tambayoyi kaji murya ta canza. Tambayoyin da mai gyara ya rubuta min sune: kuna da lasisin hukumar muhalli, kuna bada takardar shaidar nauyin abinda kuka karɓa, batir ina kuke kai shi, sannan gilashin tsohuwar talabijin ɗin nan mai ƙusumbi ya kuke yi da shi. Ta ƙarshen nan ita ke tona asiri.

Dalili kuwa sharar lantarki kashi biyu ce. Akwai mai kuɗi, wato fanel ɗin cikin waya da kwamfuta, jan ƙarfen cikin kebul da na mota ɗin fanka, alminiyom, ƙarfe. Wancan rahoton ma yace ƙarafan da ke cikin sharar 2022 darajarsu ta kai dala biliyan 91. Wannan kashin ba sai an wayar wa kowa kai ba, rububinsa ake. Sai ɗaya kashin da ba mai so: gilashin talabijin mai ƙusumbi wanda aka cuɗa da dalma, a manyan ciki dalmar takan wuce kilo ɗaya, dogon ƙwan lantarki mai sinadarin makuri, ƙananan batura, robar jikin kaya da aka zuba wa maganin hana kamawa da wuta. Tunda an daina ƙera irin waccan talabijin ba mai sayen gilashinta, dan haka kamfanin gaskiya kai zaka biya shi ya karɓa. Wanda yace min kyauta zai kwashe duka har da talabijin kuma ya ƙara min da kuɗi, nace masa yallabai to gilashin fa, yace kar in damu suna da inda suke zubarwa. Nan na ja layi a kan sunansa.

Ba zargi bane kawai. Wata ƙungiya a Amurka, Basel Action Network, ta taɓa ɓoye na'urar GPS cikin tsofaffin firintoci da sikirin ta miƙa wa masu cewa suna sake sarrafawa, a 2016 ta fitar da abinda ta gano, da yawan kayan an bi sawunsu har Hong Kong inda ake farfasa su da hannu a fili. Alhali yarjejeniyar Basel kan kai shara mai haɗari daga ƙasa zuwa ƙasa tun 1989 take, kuma daga 1 ga Janairun 2025 ma an ƙara ɗaure ta, duk wata sharar lantarki da zata tsallaka iyaka sai ƙasar da za'a kai wa ta amince tukuna. Takarda daban, abinda ke faruwa a kwantena daban.

Ƙarshe dai kamfani ɗaya ne ya amsa tambayoyin duka ba kame-kame, sun turo hoton lasisi, sun yarda muje mu ga wurin. Nisa gare su, kuɗin mota zai ci mu. Sun turo jerin abinda suke biya, abinda suke karɓa kyauta, da abinda mu zamu biya.

Asabar, 20 Satumba

Munje makarantar da Malama ke koyarwa, ɗalibai da wasu iyaye. Abinda na lura, maganar tan miliyan kaza bata shiga kunnen kowa, ana ta hamma. Amma da Malama ta kawo labarin Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, inda yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalma daga fasa baturan mota da ake yi a cikin unguwa, sai wurin yayi tsit. Ta bayyana musu dalma bata da ɗan kaɗan da za'a ce ba komai a jinin yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa kuma abinda ta lalata baya dawowa. Wata uwa ta ɗaga hannu tace to tsohon batirin inbata da ke bayan ɗakinta yara na hawa kai fa? Irin tambayar da muke nema kenan.

Inda abin ya juye mana shine labarin Tokyo. Ɗaya daga cikin samarinmu ya kawo shi dan ya burge su, kuma gaskiya ne: lambobin yabo kusan 5,000 na gasar Olamfik da ta naƙasassu ta Tokyo 2020 daga tsofaffin kayan lantarki aka ƙera su, Japanawa suka tara tan 78,985 na kaya da wayoyi miliyan 6.21 cikin shekara biyu, aka tace kilo 32 na zinare, 3,500 na azurfa, 2,200 na tagulla. Yana rufe baki wani dattijo yace au, ashe zinare ne a wayar tawa kuke so in baku kyauta? Aka kwashe da dariya amma fa wasu da gaske suka ɗauka. Saida mai gyara ya miƙe yace Baba ku duba lissafin da kyau, tan dubu saba'in da tara aka narke kafin a samu kilo 32, zinaren da ke waya ɗaya bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na giram ba kuma ba'a fitar da shi sai a masana'anta, mai gwadawa a gida da ruwan asid huhunsa zai ƙona. Baba ya gyaɗa kai amma ban ga alamar zai kawo wayar ba.

Mun cire Tokyo daga jawabi na gaba. Dalma, batir da yara, su zamu riƙe.

Laraba, 24 Satumba

An buga takardun sanarwa, an manna, an tura a WhatsApp. An sa hoton alamar nan ta kwandon shara da aka soke da gicciye, mutane da yawa basu taɓa lura tana jikin cajarsu ba.

Asabar, 27 Satumba

Yau kam Allah ne ya tsare. Duk da mun rubuta ƙarara ba'a fara karɓa ba sai 14 ga Oktoba, wani bawan Allah ya ajiye mana buhu a ƙofar sito yayi gaba. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ja shi ciki dan kar ruwa ya dake shi, ta jingina da bango. Muna waje muna rubuta lakabi a kwalaye sai wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, kafin mu ankara farin hayaƙi na fita ta bakin buhun da wata ƙara siii. Mai gyara yace kowa ya fita, ya toshe hanci ya ja buhun da dogon ƙarfe zuwa fili, ya zazzage. A ciki harda fawa banki da ya kumbura kamar cikin kwaɗo, an haɗa shi da ƙusoshi, tsofaffin makullai, wargajajjen fanka, wani ƙarfe ya huda shi lokacin jan buhun. Da shebur aka ɗauke shi aka jefa bokitin yashi aka binne. Bai kama da harshen wuta ba amma robar wata rediyo da ke manne da shi ta narke.

Bayan hankali ya kwanta mai gyara ya zaunar da mu ya mana karatu. Batirin litiyam a ciki wasu siraran shafuka ne a naɗe, tsakanin shafin fosatif da na nagatif wata 'yar leda ce kawai da bata kai kaurin gashi ba. In aka huda ko aka lanƙwasa sai su haɗu, zafi ya tashi, zafin ya ƙara narka ledar, haka zai ta ciyar da kansa har ya fashe, kuma ko ya lafa yana iya sake tashi bayan awanni. Abinda yasa Samsung ta janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya a 2016 kenan, kuma waɗancan sababbi ne fil, balle wanda ya shekara biyar a durowa. Hayaƙin ma guba ne ba'a tsayawa kallo.

Dokokin da muka kafa daga yau: ba'a jan buhu, ba'a shigar da abinda ba'a buɗe an duba ba. Duk batir a cire shi daga jikin na'ura in yana ciruwa ba tare da an ɓanɓare da ƙarfi ba, a liƙe bakinsa da salatif, kumburarre kuma kai tsaye cikin yashi a waje, a inuwa, nesa da kwali. Ƙananan batura masu kama da maɓalli na agogo da rimot ɗin mota a liƙe su gaba da baya a sa a kwalba mai murfi, dan Malama tace in yaro ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu.

Ƙarin kashe kuɗi: bokiti na uku, ƙaramar tukunyar kashe gobara, da kwaɗo. Mai sito yaji labari, saida naje da kaina na bashi haƙuri na nuna masa tsarin, ya dai yarda amma fuskarsa ba daɗi.

Asabar, 4 Oktoba

Munje mun ga kamfanin. Akwai rumfa daban ta batura, akwai injin da ke niƙa kebul yana raba jan ƙarfe da roba ba wuta, ma'aikata da takunkumi, kuma sun nuna mana takardun inda suke tura fanel a narke. Hankalina ya kwanta da su.

A hanya muka tattauna abinda mutane suka fi tambaya a waya, ba muhalli bane, hotuna ne. Kowa tsoronsa kar ya bada matacciyar waya gobe ya ga hotunan iyalinsa a hannun wani, kuma suna da gaskiya. Tsarin da muka fitar: wayar da ke kunnuwa mai ita zai cire sim da memori, ya fita daga asusun Google ko iCloud tukuna sannan yayi mata wankan masana'anta, wato ya goge komai ta koma kamar sabuwa, a gabanmu, dan in aka goge ba'a fita daga asusun ba wayar zata kulle ta nemi tsohon mai ita, ba mai iya amfani da ita kuma, lafiyayyar waya ta zama shara a banza. Wadda bata kunnuwa za'a cire fanel ɗin a sa a akwati mai kwaɗo sai wurin niƙa. Kwamfuta kuma danna goge baya goge komai, sai an bi had disk ɗin an rubuce shi kaf, in mai ita bai yarda ba mu cire masa ya tafi da abinsa ko a huda da injin huda yana kallo.

Asabar, 11 Oktoba

Shara, jera kwalaye, raba aiki. An ari tebur da tamfol.

Talata, 14 Oktoba

Ranar karɓa. Da safe shiru har na fara tunanin ko mutum goma baza mu gani ba, bayan la'asar sai ga layi. Abinda ya fi yawa ba waya bane, caja ce da kebul da iyafis, buhu buhu, an cuɗe su ba kai ba gindi. Sai yanzu na gane dalilin da Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya ta USB-C ga wayoyi daga 28 ga Disamba 2024, su da kansu sun ƙiyasta caja da ake zubarwa ko ajiyewa ba amfani tana kai tan 11,000 a shekara. Bayan caja sai tocila da fitilun sola, rimot, dikoda, DVD, dutsen guga, ƙananan wayoyi masu maɓalli cike da kwali. Manyan wayoyi kaɗan ne, mutane na riƙe da abinsu.

Laftof sun zo fiye da zato, kuma da dalili, yau ɗin nan ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, wasu sun ji ance kwamfutarsu bata ɗaukar Windows 11 sai suka ɗauka ta mutu kenan. Mai gyara ya ware su gefe yace kar wanda ya taɓa.

Talabijin mai ƙusumbi guda bakwai. Kowacce na gani ana saukewa daga mota sai gabana ya faɗi dan na san mu zamu biya. Wata Hajiya tazo da biyu tace ɗana ai har yanzu ɗayar tana kawo hoto, jikoki ne suka ƙi kallonta. Nace Hajiya mun gode Allah ya saka, amma fa wannan kuɗi ake biya kafin a karɓe ta, in da hali a taimaka da wani abu. Ta kalle ni tace ikon Allah, in baku kaya kuma in biya ku? Saida Malama ta mata bayanin dalmar da ke ciki, ta buɗe jaka ta bada abinda ya sawwaƙa. Ita kaɗai ce ta bayar cikin masu talabijin.

Firij biyu muka mayar. Iskar sanyin da ke cikin tsofaffin irin wadda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana ce saboda tana cinye lemar ozon, sababbin kuma da yawa iskarsu mai kamawa da wuta ce, sai mai injin zuƙewa, mu bamu da shi. Ɗaya daga masu firij ɗin yayi fushi sosai yace ya biya kuɗin ɗauko ta. Mun bashi lambar kamfanin.

Wajen magariba wani yaro ya taka dogon ƙwan lantarki da aka jingina, ya fashe a cikin sito. Aka fitar da kowa aka buɗe taga da ƙofa wajen minti goma sha biyar, ba tsintsiya dan tana watsa makurin, da kwali aka kwashe gilashin, aka bi garin da salatif da jiƙaƙƙen tsumma, duk aka rufe a kwalba. Sauran ƙwayayen an naɗe su da takarda an kwantar a dogon kwali.

Asabar, 18 Oktoba

Tantancewa. Wannan ne ɓangaren da yafi min daɗi. Mai gyara ya kafa tebur da mita da ƙarfen sanya dalma, yara na miƙo masa. Fankoki da yawa kafasita ce kawai ta mutu, dutsen guga waya ce ta tsinke a ciki, fitilun sola batir ne, rediyo ɗaya datti ne kawai a wurin batir. A laftof ɗin fiye da rabi sun tashi, an goge su tas an sa musu Linux Mint, wata manhajar kyauta a madadin Windows, suna gudu lafiya lau, zasu tafi makarantar Malama in masu su sun sa hannu sun yarda. Abinda aka gyara baya buƙatar mota, baya buƙatar niƙa, baya buƙatar mu biya kowa, ni a ganina da tun farko teburin gyara muka fara kafawa a ranar karɓa da rabin kayan ma basu shigo sito ba. Dama akwai masu yin haka, Repair Café da Martine Postma ta faro a Amsterdam a 2009, mutane su kawo abinda ya lalace a gyara tare kyauta.

Gargaɗin mai gyara ga yaran: ba mai buɗe talabijin mai ƙusumbi ko maikirowef, suna riƙe wuta a ciki ko an cire filogi da daɗewa.

Asabar, 25 Oktoba

An shiga mana. Buhunan kebul da muka bari a ƙarƙashin tamfol a waje saboda sito ya cika, uku babu. Ba'a taɓa talabijin ko ɗaya ba, ba'a taɓa batura ba, wanda ya ɗauka ya san abinda yake so. Washegari aka ga baƙin tabo da toka a wani kango can baya, da guntayen kan caja a narke. An ƙona robar an kwashe jan ƙarfen. Wato abinda muka tara dan kar a ƙona shi ne muka sauƙaƙa wa mai ƙonawa, mun haɗa masa wuri ɗaya. Kuma kebul ɗin na cikin abinda muke sa ran zai biya mana kuɗin talabijin.

Samarin sun fusata suna cewa a kai ƙarar duk 'yan jari bola na wajen. Ni ban goyi baya ba, bamu ga wanda ya ɗauka ba, kuma mutanen nan su suka fi mu kwashe sharar nan nesa ba kusa ba, mu rana ɗaya muka yi su kullum suna kan hanya. Kora ma bata magani, a Yulin 2021 an rushe Agbogbloshie, babbar kasuwar 'yan jari bola a Accra, da buldoza, ƙone-ƙonen bai ƙare ba, warwatsuwa yayi zuwa wasu wurare. Sai muka je wajen babbansu ni da mai gyara. Mutum mai fahimta, ya bamu wurin zama, yace Malam mun san hayaƙin na cutar mu, tarin da muke kwana yi waye bai sani ba, amma siririn kebul in ka zauna feɗe shi da reza sai ka wuni baka tara abin kirki ba. Gaskiyarsa ce. Robar PVC ta jikin kebul in ta ƙone tana fitar da dayoksin, gubar da ke zama a ƙasa da jikin dabbobi shekara da shekaru, amma faɗa masa wannan baya cika masa aljihu.

Abinda ya ja hankalinsa shine da mai gyara ya nuna masa jerin kamfanin, suna sayen kebul da robarsa a kan kilo tunda injinsu ke rabawa, kuma jan ƙarfen da aka feɗe yana sheƙi yafi ƙonanne daraja. Mai kauri a feɗe, mai gyara ya haɗa musu wani ɗan katako mai rami da reza a ciki da ake zura kebul a ja, siriri kuma a tara a buhu a haɗa da namu a mota ɗaya. Yace zai gwada da buhu biyu ya gani, in lissafi bai fita ba kar mu ga laifinsa. Batirin mota da na inbata ma nayi masa maganar zubar da ruwan asid a ƙasa da fasawa da gatari, nan kam bai ce komai ba.

Laraba, 29 Oktoba

An shigar da sauran kebul ciki. An canza kwaɗo. An auna komai an rubuta.

Asabar, 1 Nuwamba

An kai kaya. Motar a-kori-kura ɗaya, batura a bokitansu a can baya daban an ɗaure, buhu biyun 'yan jari bola a sama da alama a jiki. A can aka sake aunawa, sikelinsu ya ɗan gaza namu amma ba sosai ba, sun bamu takarda mai tambari da nauyin kowane kashi, fanel ɗin akwatin kwaɗo kuma a gabanmu aka zuba a inji, na ɗauki bidiyo na tura wa masu wayoyin.

Lissafi: abinda aka biya mu na fanel, ƙarfe, alminiyom da ragowar kebul ya rufe kuɗin mota da na masu lodi, ya rage kaɗan. Wannan kaɗan ɗin da gudummawar Hajiya da ragowar asusu suka biya ƙwayayen lantarki, ƙananan batura da talabijin uku. Huɗu suka dawo da mu. Asusu yanzu ba komai, har ina bin sa kuɗin kati. Da ba'a sace buhunan nan ba da wataƙila biyu ne zasu rage.

Kuɗin buhu biyun na kai wa babban 'yan jari bola da rasit ɗinsa. Ya ƙirga yayi shiru, yace ya ɗan fi abinda zai samu in ya ƙona amma jira yayi yawa, shi kullum yake son kuɗinsa a hannu. Wannan matsalar bamu da amsarta yanzu sai in akwai jarin da zamu riƙa biyansu nan take mu jira mota.

Asabar, 8 Nuwamba

Wani ya kira yace yaji muna da talabijin, zai kwashe huɗun kyauta yau ɗin nan. Na tambaye shi gilashin, yace shi naɗin jan ƙarfen da ke wuyanta yake so. Nace a'a. Biyu daga cikinmu sun ga kamar taurin kai ne tunda saura sati uku mu bar sito, aka ƙada ƙuri'a, talabijin suna nan.

Abinda ke gaba: Malama zata nemi makaranta ta bamu kusurwa a sitonta na wucin gadi, a kwantar da su fuska ƙasa a kan kwali kar su fashe. Za'a rubuta wa masu sayar da kayan lantarki takarda a nemi su ɗauki nauyin talabijin ɗaya ɗaya, tunda a ƙasashe da yawa doka ma ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya kuɗin kwashe su in sun mutu. Karo na gaba teburin gyara a bakin ƙofa, sanarwa kuma zata faɗi ƙarara cewa talabijin mai ƙusumbi da dogon ƙwai akwai ɗan abinda ake bayarwa, firij ba'a karɓa. Laftof za'a miƙa su ranar Laraba in an gama sa hannu. Zama na gaba 15 ga wata, maganar jarin kebul ce a sama.